Tada Mota Daga Nesa ko Tsare Ta Daga Ɓarawo: Wanne Mai Tsohuwar Mota a Kano Zai Fara Sawa?

Idan ka je wajen masu wayarin ɗin mota ka ce kana son a sa maka sikiriti, sau da yawa kwali ɗaya za a miƙo maka, a ciki akwai rimot biyu da jiniya da tarin wayoyi. Za a ce maka shi ke yin komai: ya kulle ƙofa, ya yi ƙara idan an taɓa mota, ya tada inji kana zaune a shago. Amma ayyuka ne daban-daban aka cusa a kwali guda, kuma biyu daga cikinsu ba sa ga-maciji da juna. Tada mota daga nesa yana buƙatar motar ta yarda ta tashi babu makulli a jikinta. Tsaro kuwa duk manufarsa kada ta tashi sai da makullin mai ita. Wanda yake da Corolla ko Camry ko Accord ko Golf ko 406 da ta haura shekara goma sha biyar, ya kamata ya san wanne yake saye kafin a yanke masa waya ko ɗaya.

Na'urar tada inji daga nesa ta samu kasuwa ne a ƙasashen ƙanƙara irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, inda mutum yake son mota ta ɗumama kafin ya fito daga gida. Mu a Kano matsalarmu akasin haka ce. Sanyin hunturu na Disamba da Janairu ba ya kai inda injin fetur zai buƙaci dogon ɗumi. Abin da ke damunmu shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, motar da aka bari a rana kuwa cikinta yana iya wuce 60, sitiyari ba ya taɓuwa, kujera tana ƙona baya. Wanda ya taɓa ɗauko yara daga makaranta da azahar a watan Afrilu ba zai raina mai son ya tarar da motarsa da sanyi ba. Buƙata ce ta gaske. Tambayar ita ce ko motarka za ta iya ɗaukar wannan aikin ba tare da an yi asara ba.

Fara da giya. Idan motarka manuwal ce, shawarata ka bar maganar tadawa daga nesa gaba ɗaya. Yawancinmu mun saba barin mota a giya idan mun faka, musamman wanda hambirkinsa ya yi sanyi. Ranar da aka danna rimot tana giya ɗaya, motar za ta zabura gaba, kuma a lungunanmu abin da ke gaban mota ko yaro ne ko mai talla ko katangar maƙwabci. Akwai na'urori masu kyau da aka yi wa tsari na musamman saboda manuwal: sai ka ja hambirki, ka sa fri, ka zare makulli inji yana ci gaba da aiki, ka fita ka rufe ƙofa, sannan ta kashe kanta, idan aka sake buɗe ƙofa ta soke izinin. Tsarin yana aiki idan an haɗa shi daidai, amma yana dogara da makunnin ƙofa da na hambirki, waɗanda su ne suka fi lalacewa a tsohuwar mota. Tsofaffin motoci masu kafireto, waɗanda sai an taka totur ko an ja cok suke tashi da safe, su ma ba nasu ba ne.

Idan otomatik ce, sai a duba lafiyar sanyaya inji, kuma a nan nake so a tsaya sosai. Lokacin da mota take aiki kana ciki, idonka yana kan allurar zafi da fitilar mai. Idan fanka ta tsaya ko tiyon lagireto ya fashe, za ka gani ko ka ji wari ka kashe. Lokacin da take aiki kana ɗaki, babu mai gani. Mota a tsaye ba ta samun iskar gudu, fanka kaɗai ke riƙe da lagireto da kwandensa, ga kwamfuresa ta ƙara wa inji nauyi. Motocinmu da yawa an riga an taɓa su ta wannan ɓangaren: an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, ana zuba ruwan rijiya a lagireto har ya toshe da tsatsa. Minti goma na obahitin babu kowa a kusa sun isa su ƙona gasket, kuma kuɗin gyaran ya ninka kuɗin na'urar. Duk motar da kake ƙara wa ruwa kowane mako, a gyara wannan tukuna.

Sai maganar mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, babu mai barin inji yana aiki a banza ba tare da ya ji a aljihunsa ba. Mota mai matsakaicin inji, tana tsaye da AC a kunne, tana shan abin da ya kai kusan lita guda a awa. Minti goma da safe, minti goma da rana, a wata ya zama awa goma, wato kusan lita goma da ba su kai ka ko'ina ba. Wani ba zai damu da wannan ba, wani kuwa kuɗin cefanen kwana biyu ne. Kuma AC ɗin tsohuwar mota ba ya yin sanyi sosai a tsaye, sai an fara tafiya. Abin rufe gilashin gaba mai ƙyalli, neman inuwar darbejiya, da sauke gilasai na minti ɗaya a fitar da zazzafar iska kafin a kunna AC, suna rage kaso mai yawa na wannan wahala ba tare da an taɓa waya ba. Baƙin gilashi ma yana taimakawa, sai dai yana buƙatar izinin 'yan sanda.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Gidaje da yawa a cikin gari garejinsu a rufe yake, a manne da zaure ko ɗakin samari. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda take kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida. Rimot ɗin da ke aljihu yana iya dannuwa da kansa, yaro ma yana iya ɗauka ya yi wasa da shi. Wanda motarsa take kwana a rufaffen gareji, wannan kaɗai ya isa ya sa ya haƙura.

Yanzu ga inda jin daɗi da tsaro suke karo. Motocin da aka yi wa kasuwar Turai daga 1998 dole ne su zo da tsarin da ke karanta ɗan ƙwayar da ke cikin kan makulli. Idan ƙwaƙwalwar mota ba ta gane shi ba, ba za ta ba da mai da wuta ba. Shi ya sa Golf 4 da 406 da Vectra na lokacin ba sa tashi da makullin da aka yanka a bakin titi. Amurka ba ta wajabta wannan ba, don haka motocin da suka fito daga can sun bambanta: Honda Accord tana da shi tun 1998, za ka ga ɗan koren makulli yana haskawa a dashbod, wasu motocin kuwa na shekarun farkon 2000 ba su da shi sam. Wannan tsarin na kamfani ya fi yawancin abin da za a sayar maka a kasuwa ƙarfi. To, don mota ta tashi daga nesa, dole a zagaye shi. Hanya mai kyau ita ce a sa wata 'yar na'ura da aka tsara wa irin motarka, wadda take kwaikwayon makulli a daidai lokacin tadawar kawai. Hanya mai araha, wadda ita aka fi yi, ita ce a ɗauki makullinka na biyu, ko a ciro ƙwayarsa, a ɓoye a ƙarƙashin dashbod. Mafi muni shi ne a manne ƙwayar a jikin wurin sa makulli, ta zauna nan dindindin. Daga ranar, duk ƙarfen da ya iya murɗa swic zai tada motar. Ka biya kuɗi an cire maka tsaron da ka zo da shi daga kamfani.

Haka abin yake da kayan da ke mayar da tsohuwar mota mai dannawa, wato a sa mata maɓallin tadawa irin na sababbin motoci. Samari suna sonsa, kuma yana da ban sha'awa. Amma sitiyarin tsohuwar mota makulli ne yake buɗe shi. Don maɓallin ya yi aiki, sai an bar guntun makulli a cikin swic a murɗe, ko an cire kwaɗon sitiyarin gaba ɗaya. Idan aka haɗa wannan da ƙwayar da aka manne, motar ta rasa kariyarta biyu na asali, ta koma dogara da akwati ɗaya da ba ka san wanda ya ƙera shi ba. A cikin duk zaɓin da ke gabanka, wannan ne kaɗai zan ce kada a yi, ko motar otomatik ce.

Jiniya ita kaɗai fa? Amfaninta na gaske ya fi yawa a kan ƙananan ɓarayi: masu cire batir, masu kwance madubi, masu fasa gilashi su ɗauki jaka ko kwamfuta, masu buɗe mota su zare ƙwaƙwalwarta. Da dare a ƙofar gida tana tada mai gida da maigadi. Amma da rana a gefen Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, ko a layin motocin masallacin Juma'a, wa yake waiwayar ƙarar mota? Kunnuwa sun saba. Laifin yawanci na saitin na'urar jin girgiza ne: an ƙure ta, tirela ta wuce ta yi kuka, a yi tsawa da damina ta yi kuka, yaro ya jingina ta yi kuka, har mai motar ya gaji ya sa a cire. Gara a rage ƙarfin jin girgizar, a tabbatar an haɗa makunnin ƙofofi huɗu da but da bonet. Na bonet ɗin ya fi muhimmanci, domin mai wayo batir yake fara cirewa. Jiniya mai ɗan batirinta a ciki tana ci gaba da ƙara ko an cire na mota. Rimot mai amsawa, wanda yake girgiza a aljihunka idan an taɓa motar, ya fi mai ƙara kawai amfani ga ɗan kasuwa, sai dai nisan da aka rubuta a kwali na fili ne. A cikin benayen kasuwa yana raguwa ƙwarai. Ka kuma tambaya ko lambar rimot ɗin tana sauyawa a kowace dannawa, domin masu lamba ɗaya tak ana iya kwafarsu. Kuma ko wanne ka saya, ka riƙa jan ƙofa da hannu bayan ka danna, saboda akwai na'urorin da ke toshe saƙon rimot, ka tafi kana zaton ka kulle.

Abin da ya fi kowanne araha, kuma a ganina ya fi kowanne dacewa da tsohuwar motar da ba ta da ƙwayar makulli, shi ne ɓoyayyen makunni. Swic ɗin tsohuwar mota ya sha murɗa har ya saki, shi ya sa masu satar mota a wajen ɗaurin aure da bakin kasuwa suke buɗe ta su tada ta cikin ɗan lokaci kamar tasu. Abin da ɓarawo ba shi da shi shi ne lokaci. Idan ya murɗa ta ƙi tashi, ba zai zauna binciken waya a gaban jama'a ba. Amma akwai bambanci a wurin da aka yanke. Idan wayar kik aka yanke, motar manuwal turi kawai take buƙata. Idan wutar famfon mai aka yanke, ko an tura ba za ta je ko'ina ba. Za ta yi ta juyawa kamar mai ya ƙare. A yi amfani da rile, wato makunnin lantarki mai iya ɗaukar wuta mai ƙarfi, kada a bi da wutar famfo kai tsaye ta cikin ƙaramin makunni, domin zai yi zafi ya narke. A kuma tambayi mai aikin: idan aka fizge akwatin sikiritin, motar za ta tashi ko ba za ta tashi ba? A yawancin masu araha, da zarar an cire akwatin hanya ta buɗe. Wanda aka haɗa yadda cirewar take barin wayar a yanke ya fi tsaro, ko da yake ranar da akwatin ya lalace kai ma za ka tsaya a hanya, don haka ka san inda maɓallin kashe shi na gaggawa yake. Game da maɓoya, ƙarƙashin sitiyari da gefen kujerar direba nan ake fara lalubawa. Ka zaɓi wurin da kanka.

Taraka, wato na'urar da ke nuna maka a waya inda mota take, aikinta daban: ba ta hana ɗauka, tana taimakawa a gano. Ita ce kaɗai take da amfani idan ƙwace aka yi da makami, inda makulli da rimot duk suna hannun ɓarawo. A irin wannan hali a ba da mota a tsira da rai, sannan a kai rahoto. Tana aiki da layin waya, don haka rayuwarta tana hannun wannan layin: a yi masa rajista da sunanka da lambarka ta NIN, a riƙa sa masa kuɗi, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana rufe shi. Tarakoki masu araha da yawa suna zuwa da lambar sirri 123456, kuma mutane ba sa sauyawa. Ka sauya a gaban mai aikin, ka tabbatar lambar wayarka ce kaɗai take ba ta umarni. Yawancinsu suna iya yanke mai daga waya. Masu kyau ba sa yankewa sai gudun motar ya ragu sosai, domin injin da ya mutu a kan gudu yana ɗauke ƙarfin sitiyari da na birki, kuma akwai bayin Allah a kan titin da ba su ci ba ba su sha ba. Idan ka ga inda motar take, ka tafi da 'yan sanda, kada ka tara abokai ku bi sawu. Rauninta shi ne inda babu sabis ba ta magana, ana iya toshe ta, kuma wanda ya samu lokaci zai nemo ta ya jefar. A tuna kuma inshorar dole da yawancinmu muke yanka, wadda ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ba ta biyan motar da aka sace.

Kwaɗon sitiyari ko na feda, wanda ake samu a Ƙofar Ruwa da sauran wuraren kayan mota, ba ya shan batir, ba ya taɓa waya, kuma ana hango shi ta gilashi. Ana iya yanke shi, amma yana ƙara wa ɓarawo aiki a bainar jama'a. Matsalarsa ɗaya, ranar da ka yi sauri ba za ka sa ba.

Duk waɗannan na'urori masu waya batir ɗaya suke sha. Lafiyayyar mota a kashe tana jan wutar batir da ba ta wuce miliyamfiya 50 ba. Jiniya ta ƙara nata, taraka ta ƙara nata, akwatin tadawa ya ƙara nasa. Miliyamfiya 100 a awa 24 ya zama amfiya-awa 2.4 kullum; batir mai amfiya-awa 60 wanda zafin Kano ya riga ya ci rabin ƙarfinsa ba zai kai mako biyu a ajiye ba. Hajiyar da motarta take fita sau ɗaya a mako, ko ma'aikacin da yake tafiya Abuja ya bar mota, su suka fi gamuwa da wannan. A sa mita a auna kafin aiki da bayan aiki.

Idan za a jera su bisa halin mai mota, ga yadda nake gani. Mai manuwal ko mai kafireto: ɓoyayyen makunni a famfon mai ko wutar inji, da kwaɗo, sannan taraka idan da hali. Mai motar da ta zo da ƙwayar makulli: kada ya bari a taɓa ta, ya ƙara jiniya mai makunnin bonet da taraka. Mai otomatik mai lafiyayyen lagireto, wanda yake fakawa a fili kuma zafin nan yana cutar da shi ko iyalinsa da gaske, shi ne zai iya sa ta tadawa daga nesa, da sharaɗin a samo na'urar zagaye ta ainihi wadda ta dace da motarsa. Idan mai aikin ya ce "Alhaji, kawo sifiya makullin mu ɓoye a ciki," ka ce masa a bar wannan ɓangaren.

Sunan kamfanin da ke jikin kwali, ko Viper ne ko Compustar ko StarLine ko Steelmate, bai kai hannun da zai haɗa muhimmanci ba, balle ma jabu sun yi yawa. Araha ba ta ado, amma mai tsada ma idan aka murɗa wayoyinsa da hannu aka naɗe da salatif, zafi zai saki gam ɗin cikin 'yan watanni, wayoyi su haɗu, a wayi gari da fis yana ƙonewa ko hayaƙi a ƙarƙashin dashbod. A yi haɗin da dalma, a rufe da robar da ke matsewa da zafi, a sa fis kusa da inda aka ɗauko wuta. Wayoyi da soket masu launin rawaya a kusa da sitiyari na jakar iska ne, ba a taɓa su. A motocin da suka fi sabunta, musamman daga wajen 2008, wayoyi da yawa saƙo suke ɗauka zuwa ƙwaƙwalwa, gwada su da ƙwan fitila yana iya ƙona ta. Mai aikin da ba shi da mita ba naka ba ne. Ka tsaya a wajen har a gama, kada ka bar makullanka su yi yawo.

Kafin ka biya, a gwada a gabanka. A tada ta da rimot, ka taka birki babu makulli: dole ta mutu nan take. A buɗe bonet a danna rimot: dole ta ƙi tashi, domin wata rana hannun makaniki zai kasance kusa da fanka. A sa giya a D a danna: dole ta ƙi. A bar ta tana aiki a ga ko za ta kashe kanta bayan minti goma ko sha biyar kamar yadda aka saita. A kunna sikiriti a murɗa makulli a ga ko za ta tashi. Sannan ka karɓi takardar da ta zo a kwalin, ka sa mai aikin ya rubuta maka a bayanta wayoyin da ya yanke da launinsu da inda ya sa kowane fis, ka ajiye ta a gida, ba a cikin motar ba.